Ku Tambayi Kawu: mota a ƙasar wasu, sunan wa ke jikin takarda?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan mota ne, kuma ba motar gida ba, motar da mutum zai saya ko ya shiga da ita ƙasar da ba tashi ba. Na zaɓo guda biyar, masu tambaya kan filaye da hayar shago ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ina gaisuwa da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ɗan kasuwa ne nan Kamba, ina kai kaya Gaya da Doso wani bi har Yamai. Na ga wata Corolla a Gaya mai lambar Nijar kuɗɗinta da sauƙi bisa ga na nan gida, surukina mutumin can ne, ya ce in biya a yi takardu da sunanshi tunda shi ad da katin ɗan ƙasa, ni kuma in riƙa shiga da ita ina hita, in ta kwana biyu sai in canza mata lamba zuwa ta Kebbi. Shin akwai matsala cikin wanga tsari? Don abokaina da yawa haka sunka yi kuma ba abin da ya same su. Daga wani mai karatu, Kamba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai matsala kam, kuma abokan naka ba wai sun tsira ba ne, ranarsu ce ba ta zo ba tukuna.

Sayen mota daban, mallakarta a idon hukuma daban. Babu dillalin da zai tambaye ka fasfo kafin ya karɓi sefarka, amma takardar da suke ce wa kart giris, wadda ita ce uwar takardun mota a Nijar da Benin da sauran ƙasashen renon Faransa, sunan da ke jikinta shi jandarma ya sani, shi duwan, wato kwastan ɗinsu, ya sani, shi alƙali zai kira. Kai da ka ƙirga kuɗin a wurinsu direba ne kawai da aka ba aro. Ban ce surukinka ba mutumin kirki ba ne, Allah ya bar zumunci, amma rai fa? In ya riga ka tafiya magadanshi za su tarar da mota da sunan babansu, su sa ta cikin gado, kuma a takarda ba su yi ƙarya ba. In aure ya samu tangarɗa, wanda ba ma fata, motar ta shiga cikin rigimar kenan. In kuma kai ka buge wani a hanyar Doso shi za a fara nema, ka jawo wa dattijo tsayuwa gaban hukuma a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Ko sayarwa ka tashi yi sai ya sa hannu.

Abin da ya fi shi ne ka nemi a yi da sunanka. Baƙo na iya rijistar mota, abin da ake bi shi ne shaidar ko kai wane ne da shaidar cewa kana da mazauni a ƙasar, sai takardar duwan ta motar, da ta gwajin lafiyarta, da asirans wato inshora, da binyet wato harajin mota na shekara. Ofishin jakadancin Najeriya a Yamai na ba ƴan Najeriya mazauna can katin shaida, yana taimakawa ƙwarai. Sai dai ka sani lamarin ba kamar da ba ne, tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abubuwa suka sauya, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairun 2025, kuma a cikin watan Janairun 2025 ɗin Nijar ta fito da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Don haka kafin ka ba dillali ko dala, taka da ƙafarka ka je ofishin sufuri na Doso ka ji abin da suke nema daga ɗan Najeriya a yau, kar ka dogara da yadda wane ya yi shekara biyar baya. In ya zama dole sai da sunan surukin, to a rubuta yarjejeniya cewa kuɗinka ne, da shaidu, da takardar wakilci da ta ba ka izinin tuƙawa da fita da ita waje, a kai ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, a buga mata hatimi. Wannan ba ta mai da kai mai mota ba, amma aƙalla kana da abin nunawa ranar da baki ya saɓa.

Yanzu ga babbar, wato maganar shigo da ita gida da canza lamba. Mutanen kan iyaka mun saba, mutum ya yi sallar azahar a Najeriya ya yi la'asar a Nijar, ga Dole Kaina nan gari ɗaya ƙasa biyu, shi ya sa muke ganin mota ma haka take. To ba haka take ba. Mota mai lambar waje baƙuwa ce a Najeriya. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba motar gida kwana 90, ta haya mai ɗaukar fasinja kwana 15, da sharaɗin akwai lasin tuƙi da takardar mallaka da inshora da takardar kwastan ta shiga na ɗan lokaci, wadda direbobi ke ce wa lesefase. An yi wannan ne don baƙon da ya zo zai koma, ba don mutumin Kamba da motar za ta riƙa kwana ƙofar gidanshi shekara da shekaru ba. Kuma tunda Nijar ta fita, abin da ya rage sassauci ne da ECOWAS ta ce a ci gaba da yi har sai an ji sanarwa ta gaba, ba wani haƙƙi ne da za ka tsaya kana ɗaga wa jami'i murya a kai ba.

Kuɗin duwan da aka biya wa motar a Nijar na Nijar ne, kwastan ɗin Najeriya ba ruwansu da shi, nasu diyutin daban. Sannan tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta bodar ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, kuma buɗe bodar Kamba da aka yi a Afrilun 2022 bai ɗage wannan hanin ba. Ga kuma ƙa'idar shekaru, motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa ba ta cikin waɗanda aka yarda a shigo da su, ka duba Corollar taka ka gani. Na san akwai yaran da za su ce maka kawo kaza mu fito maka da lambar Kebbi da fatikula cikin sati ɗaya, kuma za su fito da ita ɗin, lambar gaske ma. Amma lamba ba diyuti ba ce. Ɗan kwastan da ya tare ka tsakanin Koko da Yawuri ba lamba yake dubawa ba, cesis, wato lambar da ke jikin ƙarfen motar, yake bugawa a na'ura, in bai ga an biya ba motar ta tafi, ko hannu nawa ta bi kafin ta zo gare ka. Sauƙin kuɗin da ka gani a Gaya, diyutin nan ne da ba a biya ba, ba wani abu ba. In motar aikin can za ta yi maka, bar ta can da lambarta ka riƙa shigowa da lesefase kana fita kan lokaci. In ta gida kake so, ƙara kuɗi ka sayi mai diyuti, kuma ka kai lambar takardar ofishin kwastan na Birnin Kebbi a tantance kafin ka biya.

TAMBAYA: Malam ina yini, ya aiki ya jama'a. Ɗana na Jidda shekara ukku kenan yana aikin direban gida. Ya bugo ya ce in sai da filina na Damba in aika mashi ya sayi mota ya riƙa ɗan kabu-kabu bayan ya tashi aiki, wai da sunan kafil ɗinshi, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, za a yi don ya fi sauƙi. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban son ya ga kamar na hana shi ci gaba. Mi kag gani? Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara girma, hankalinki da bai kwanta ba gaskiya ya faɗa miki. Kar ki sai da filin nan tukuna.

Ki fara yi mishi tambaya biyu, igamarshi, wato katin izinin zama, tana da rai? Yana da lasin tuƙi na Saudiyya? In dai ta hanya ya shiga kuma aikin direba yake yi to ya kamata a ce yana da duka biyun. Baƙon da ke da igama a Saudiyya yana sayen motar hawa da sunanshi, ana fito mishi da istimara, wato katin rijistar mota, ana canza suna ta manhajar Absher ko a wurin masu baje kolin motoci, in dai akwai inshora da fahas ɗin lafiyar mota kuma babu tarar da ake bi. Ba wani abu ne mai wuya ba. To in haka ne me ya kawo sunan kafil? Ko dai takardun yaron ba su cika ba bai faɗa miki ba, ko irin aikin da ke rubuce a igamarshi ya kawo cikas, ko kuma kafil ɗin ne ya kawo shawarar, kuma wannan ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro. Duk ranar da suka ɓata, motar ta Balarabe ce a takarda, ya kai rahoton hurub ya ce yaro ya gudu, a kama shi a kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi, ya sauka Kano da jakar hannu, filin Damba kuwa ya zama mota a ƙofar gidan wani a Jidda. Waye zai koma ya shigar da ƙara, da wace biza?

Sannan ita kanta sana'ar. Ɗaukar fasinja da motar gida ba tare da izini ba laifi ne a can, kuma aikin tuƙi na manhajoji irin su Uber da Careem sun ware shi ne don ƴan ƙasarsu. Mutanenmu na yi a ɓoye, kowa ya sani, har da masu kai mutane Makka lokacin aikin Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, to wannan in aka kama tara ce mai nauyi da ƙwace mota da kora, har da hana dawowa. Ga kyamarorin Sahir a kan tituna, ba ɗan sandan da za ka ce wa yallaɓai a yi haƙuri, saƙo kawai zai shigo waya, kuma tarar kan mai sunan take hawa, kenan ko kafil ɗin mutumin kirki ne wata rana zai gaji. Tuƙa motar wani ma sai mai ita ya yi maka tafwil, wato izinin tuƙi, a Absher, in ba haka ba aka yi hatsari ƴan Najm, kamfanin da ke duba hatsari, suka zo rubuta rahoto, inshora na iya zamewa.

Wani abu da ya kamata duk mai ɗa a can ya sani, in motar da sunanshi take, ba za a ba shi bizar fita ta ƙarshe ba sai ya sayar ko ya mai da ita sunan wani, ya kuma biya duk tarar da ke kanshi. Mutane na barin wannan sai saura kwana uku tafiya, sai su sayar da asara.

Ki ce mishi ya turo miki hoton igama da lasin ta WhatsApp, ki ba wani mai jin Larabci ya duba ranar ƙarewarsu. In ya fara kame-kame kin samu amsarki. Wannan ba hana shi ci gaba ba ne Hajiya, fili a Gusau ba ya neman igama.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne ɗan Talata Mafara ina digiri na biyu a Ingila, wata goma kenan da zuwana. Na ga mota fam 900 ina so in saya in riƙa kai abinci gidaje da ita. Ina da lasin Najeriya da na ƙasa da ƙasa. Wani ya ce in na je gida hutu na dawo lissafin wata 12 zai fara sabo, gaskiya ne?

AMSA: Ɗana Allah ya ba da sa'ar karatu. Wanda ya faɗa maka haka ya yi maka ƙarya ko shi ma haka ya ji. Wata 12 ɗin daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar ake ƙirgawa, zuwa Mafara cin tuwo ba ya goge shi, kenan saura maka wata biyu. Lasin ƙasa da ƙasa kuwa fassarar lasinka ne kawai, bai ƙara maka ko kwana ɗaya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu da na Birtaniya kai tsaye, sai ka nemi lasin koyo daga DVLA, hukumar lasin tuƙi ta can, ka ci jarrabawar rubutu, ka ci ta tuƙi. In wata 12 suka cika ba ka gama ba ka koma ɗan koyo, sai da alamar L a jikin mota da wani a gefenka wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara 3 da lasinshi. Layin jarrabawar tuƙin dogo ne, ka nema tun yau.

Sayen motar shi ne mai sauƙi, ba ruwansu da kai ɗan wace ƙasa ne, adireshi suke so. Mai sayarwa zai ba ka ɗan koren yanki na takardar V5C, wato takardar rijistar mota, cikakkiyar ta biyo ka gida da sunanka. Amma kar ka motsa ta sai da inshora, sai da haraji don harajin tsohon mai ita ba ya bin mota, sai da MOT mai rai, wato shaidar gwajin lafiyar mota, tunda duk motar da ta wuce shekara 3 kowace shekara ake gwada ta, kuma tarihin gwajin yana shafin gwamnati kyauta, lamba kawai za ka sa. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ne da maki 6 a lasin, kuma ƴan sanda na iya ɗauke motar nan take. Kar ka yi mamaki in kuɗin inshorar shekara ya ninka kuɗin motar, haka suke yi wa sabon zuwa, kuma nan ne ƴan damfara ke samun yaranmu, su ce za su samo maka mai arha ta WhatsApp, ko a sa sunan wani babba a matsayin shi ne mai tuƙawa alhali kai ne. Duk biyun zamba ce a dokarsu. In London kake, tsohuwar mota mai hayaƙi fam 12.50 take biya duk ranar da ta fita.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonka kai abincin ne. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aiki awa 20 a sati lokacin karatu, amma ba ta yarda ka yi aikin kanka ba, kuma masu kai abinci na Uber Eats da Deliveroo a matsayin masu aikin kansu ake ɗaukarsu. Ga shi inshorar hawa ba ta rufe aikin kai kaya, nata daban ne. Kar fam 900 ta ja maka bizar da iyayenka suka kashe miliyoyi a kai. Kuma in ka gama kar ka ce za ka turo ta gida, sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, motar mai sitiyari a dama ba a yarda a shigo da ita ba.

TAMBAYA: Kawu za mu biki Kandi cikin Benin da motata mai lambar Kebbi, kwana huɗu za mu yi. Mi da mi zan riƙa? Daga Illo.

AMSA: Allah ya sa a yi lafiya ya ba da zaman lafiya. Ka riƙe takardun motar na asali ba hoto ba, da lasinka, in da hali har na ƙasa da ƙasa don jandarma ya fi gane shi, da fasfo ko katin tafiya na ECOWAS na duk wanda ke cikin motar, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. A boda ka karɓi lesefase ka duba kwanakin da aka rubuta da idonka. Sai katin inshorar nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda a Kwatano ma aka sa hannu a kan yarjejeniyarshi a 1982, shi ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasar. Tun Janairun 2023 da aka mai da ƙaramar inshora naira 15,000 aka ce katin na ciki, amma sai in inshorar ta gaske ce ba wadda ake bugawa a gindin bishiya bakin ofishin lasin ba, ka je kamfanin su ba ka shi a hannu. In motar ba sunanka ba ne a jiki, mai ita ya rubuta maka izini. Ka sa alwatikan tsayawa da tukunyar kashe wuta da akwatin magani a but, su suke fara tambaya.

TAMBAYA: Kawu ina so in sayi mota a gwanjon Copart na Amurka daga nan Birnin Kebbi ta waya, dole sai ina da takardar zama a can?

AMSA: A'a ƙanena, takardar zama ta mai son sa wa mota lamba ya hau titinsu ce, kai kuwa fitarwa za ka yi. Sai dai motoci da yawa a gwanjon ba a barin kowa ya taya sai mai lasin dillanci, shi ya sa ake bi ta hannun dillali. Abin da za ka sa wa ido shi ne takardar mallaka da suke kira taitil, don kwastan ɗin Amurka sai an kai musu ita aƙalla awa 72 kafin a loda mota a jirgi, motar da ba ta da ita tana iya zama a yadi kuɗin ajiya na hawa kanka kullum. Ka karanta irin taitil ɗin, yawancin na gwanjo motocin da inshora ta biya ne bayan hatsari ko ambaliya, ta ambaliya kuwa ko kyauta aka ba ka ka yi tunani, wayarinta ba ya ƙarewa da gyara. Ka tabbata sunanka ne a takardar lodin jirgi ba na dillali ba, ka duba shekarar ƙira saboda ƙa'idar shekara 12, sannan ka sa ejan mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ya lissafa maka diyutin Legas da lambar cesis ɗin tun kafin ka taya, ka haɗa da kuɗin jirgi da na tirelar da za ta kawo ta Kebbi da na bakanike, in har yanzu ta fi ta kasuwa sauƙi sai ka danna.